Doka Ta Ambace Su, Ku Kuka Bar Su A Mari

Da 'yan majalisar da ke wakiltar Goronyo da Wurno da Rabah nake, na jiha da na tarayya. Da shugabannin ƙananan hukumomin nan uku nake, da kuma jami'an da aka damƙa wa amanar inshorar lafiya a jihar Sakkwato. Kun yi wa masu taɓin hankali riƙon sakainar kashi, kuma ba ku da uzurin da zai karɓu. Ba zan lulluɓe maganar ba don ganin idon kowa, domin waɗanda abin ya shafa ba sa iya zuwa ofis su yi ƙorafi, ba sa kiran gidan rediyo, ba sa halartar taron siyasa. Wasunsu yanzu haka suna ɗaure a bayan gida, ƙafa cikin mari, a garuruwan da kuke zuwa neman ƙuri'a.

Da a ce babu doka, da sai mu ce laifin na masu yin doka ne can Abuja. To akwai. A watan Mayun 2022 shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohon tsarin da ya fi amfanar ma'aikatan gwamnatin tarayya da iyalansu. Sabuwar dokar ta wajabta inshorar lafiya a kan kowane ɗan Najeriya, sannan ta kafa asusu na musamman domin masu rauni, waɗanda gwamnati za ta biya wa kuɗin shiga. A ranar sa hannun an faɗa wa duniya cewa talakawa miliyan 83 ne za su ci moriyarsa. Da dokar ta zo lissafa masu raunin, ta kawo yara 'yan ƙasa da shekara biyar, da mata masu juna biyu, da tsofaffi, da matalauta, ta kuma ambaci masu lalurar jiki da ta ƙwaƙwalwa. Suna nan a rubuce, ba wanda ya roƙa musu alfarma. Tun kafin wannan ma, dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin kiwon lafiya a matakin farko, ana turo wani kaso ta hannun hukumomin inshora na jihohi. A nan Sakkwato muna da tamu hukumar ta taimakekeniyar lafiya, wadda aka fi sani da SOCHEMA.

Bayan wata takwas, a Janairun 2023, aka kuma sa hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa. Ita ce ta kawar da tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, gadon Turawan mulkin mallaka, wadda asalinta ya koma har 1916, wadda kuma babu abin da ta sani game da mai taɓin hankali sai a kama shi a kulle. Sabuwar ta ce majinyaci ne mai haƙƙi: haƙƙin samun magani, haƙƙin kada a wulaƙanta shi, haƙƙin kada a nuna masa bambanci. Ta tanadi sashe na musamman a ma'aikatar lafiya, ta tanadi asusu. An yi ta tafi a Abuja da Legas, ƙungiyoyi suka yi ta taron murna a manyan otal-otal.

To, ranku ya daɗe, ina ta tsaya? Ku fito mana da lissafi. A cikin waɗanda aka yi wa rajistar inshorar masu rauni a Goronyo, masu taɓin hankali nawa ne? A Wurno fa? A Rabah fa? Asibitin mazaɓa nawa ne a yankin nan da uwa za ta shiga da ɗanta da ya kwana yana sambatu, ta tarar da malamin asibitin da ya san abin da zai yi masa, ta kuma tarar da maganin a kan kanta? Kowa a gabashin Sakkwato ya san amsar da ake ba irin wannan uwa: ki kai shi Kware. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware da sashen masu taɓin hankali na asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, nan ne likitocin wannan ciwo suka taru, kuma ba mutanen jihar nan kaɗai ke dafifi a can ba, har da na Kebbi da Zamfara da ƙetaren iyakar Nijar. Ma'aikatan can suna iya ƙoƙarinsu. Amma ku da kuke faɗin "a kai shi Kware" daga cikin mota mai sanyi, kun taɓa lissafa abin da wannan kalma take ci a aljihun mai noman albasa?

Bari in nuna muku abin da na gani a wani ƙauye da ke bakin gulbin Rima. Saurayi ne da bai wuce shekara ashirin da 'yan kai ba, wanda a da shi ke yi wa mahaifinsa ban ruwa a fadama. Na same shi zaune a ƙarƙashin wata rumfar kara a bayan ɗakin uwarsa, an zura sarƙar babur a idon ƙafarsa an ɗaure a jikin turmin da ya tsage, an rufe da kwaɗo. Inda ƙarfen ke gogar fata ya yi gyambo, uwar ta naɗa tsumma a wurin don ya rage masa zafi. Ga kwanon fura a gefe, ƙuda sun rufe shi. Da na yi masa sallama ya amsa da kyau, har ya tambaye ni mutanen gida. Uwar ta shiga ɗaki ta fito da wata leda, ta kwance ta a gabana: katin asibiti ne da ya yi laushi don ninki, da fankon kwalin magani. Ta ce, "Malam, da yana shan wannan lafiya lau yake, har gona yana zuwa. Akuya biyu na sayar. Da ta ukun ta tafi sai na ce to, Allah ga naka." Ba mugunta ta sa ta ɗaure ɗanta ba. Tsoro take kada ya faɗa gulbi, ko ya shiga daji 'yan bindiga su harbe shi, ko a ce ɗan leƙen asiri ne a kashe shi a banza. Makullin kwaɗon yana ɗaure a bakin zanenta.

Wannan mata ita ce dokar 2022 ta yi wa alkawari, kuma labarinta ya nuna dalilin da ya sa ciwon ƙwaƙwalwa ya fi kusan kowane ciwo buƙatar inshora. Zazzaɓin cizon sauro kwana uku ne, a sha magani a tashi. Wannan kuwa ciwo ne na dogon zango. Mai ciwon da ke sa jin muryoyi da zargin kowa, da mai ciwon da ke sa mutum ya hau sama yau ya faɗo gobe, da mai farfaɗiya wanda shi ma asibitin ƙwaƙwalwa ake kai shi, dukansu magani suke buƙata wata da watanni, wasu shekara da shekaru. Ranar da aka yanke, ciwon ya dawo, sau da yawa ya fi na farko tsanani. Ga shi mai ciwon ya daina nema, mai jinyarsa ita ma ta daina. Kowane zuwa asibiti kuɗin motar mutum biyu ne ko uku, domin ba a tafiya da shi shi kaɗai, wani lokacin ma sai an ɗauki shatar mota don fasinjoji ba za su yarda a zauna da su ba. A ƙasar da sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya daga aljihun majinyaci yake fita, gida nawa ne a Goronyo zai jure wannan har shekara? Abin da ya fi ƙona rai shi ne magungunan ba sababbi ba ne, ba kuma masu tsada ba ne in gwamnati ta saye su a dunƙule. Maganin Largactil tun farkon shekarun 1950 ake amfani da shi. Akwai allurar da ake yi sau ɗaya a wata, ta riƙe mutum har wani watan. Suna cikin jerin muhimman magunguna. Kuɗin man jerin gwanon motocin babban mutum guda a zuwa ɗaurin aure ɗaya zai riƙe majinyata da dama tsawon damina.

Kuma a wane yanki kuke wannan sakaci? A yankin da ya fi ko'ina buƙata. Ranar Lahadi 17 ga Oktoban 2021 'yan bindiga suka buɗe wuta a kasuwar Goronyo, gwamnatin jiha da kanta ta ce mutum 43 suka rasu. A Yulin 2018 an yi kisan Tabanni a ƙasar Rabah, mutane suka kwarara Gandi gudun hijira. A Disambar 2021 aka ƙona matafiya cikin mota a ƙasar Sabon Birni. Waɗannan su ne waɗanda suka shiga jarida; wanda bai shiga ba ya fi yawa. An yi jana'iza, an kai buhunan shinkafa da tabarmi, an ɗauki hoto. Waɗanda suka tsira fa? Matar da aka yanka mijinta a gabanta, da yarinyar da ta yi watanni a daji aka karɓo ta da kuɗin fansa ba ta ƙara magana da kowa ba, da dattijon da ko ƙarar babur ya ji sai jikinsa ya ɗauki rawa, wa ya tambaye su yadda suke kwana? Ƙididdigar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ta nuna cewa a wuraren da ake rikici, kusan mutum ɗaya cikin biyar na fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa, daga damuwa mai tsanani da firgici har zuwa gushewar hankali. Ku ɗora wannan a kan yawan mutanen Goronyo da Wurno da Rabah ku gani. Ku ƙara da samarin da tiramadol da sholisho suka cinye, waɗanda da yawansu don su danne abin da ke cin ransu suka fara. Sannan ku tuna cewa har yanzu sashe na 231 na kundin Final Kod ya ɗauki wanda ya yi yunƙurin kashe kansa a matsayin mai laifi da za a iya ɗaurewa shekara guda. Wato mun tanadar masa gidan yari, ba mu tanadar masa magani a mazaɓarsa ba.

Wasu ƙasashe sun riga mu gane cewa ambaton suna a doka ba ya isa, sai an rubuta dalla-dalla abin da inshora za ta biya. A Amurka kamfanonin inshora sun daɗe suna zaluntar masu wannan ciwo: mai ciwon zuciya ya ga likita iya buƙatarsa, mai ciwon ƙwaƙwalwa a ƙayyade masa zuwa, a ƙara masa kuɗi. Sai a 2008 aka yi dokar da ta hana a tsaurara wa ciwon ƙwaƙwalwa da shaye-shaye sharuɗɗan da suka fi na ciwon jiki. Dokar tana ɗauke da sunayen sanatoci biyu daga jam'iyyu biyu masu hamayya, Paul Wellstone da Pete Domenici. Na farkon ɗan'uwansa ne ya yi fama da ciwon, na biyun 'yarsa ce. Ba su ɓoye ba, suka mayar da abin da ke gidajensu doka ga kowa. Indiya ta rubuta a dokarta ta 2017 cewa dole kowane kamfanin inshora ya biya jinyar ƙwaƙwalwa daidai da yadda yake biyan ta jiki. Gana kuwa a 2024 ta shigar da manyan cututtukan ƙwaƙwalwa huɗu cikin abin da inshorar ƙasa ke biya, ta kira su da sunayensu. A cikin gida ma, Legas ta yi tata dokar lafiyar ƙwaƙwalwa tun kafin ta tarayya. Ku kuma, ya 'yan majalisarmu, kada wani ya ce mini babu mai irin wannan ciwo a danginsa. Akwai. Bambancin kawai shi ne naku ana kai su asibitin kuɗi a Abuja ko Alƙahira cikin sirri, a dawo a ce hutu suka je. Kun san maganin yana aiki, domin kun gani a gidajenku. Wannan sanin ne ya sa shirunku ya fi muni.

Na san abin da za a ce: babu likitoci. Gaskiya ne, likitocin ƙwaƙwalwa a duk Najeriya ba su kai 300 ba, ga mutane sama da miliyan 200, kuma kullum ficewa suke ƙasashen waje. Amma wa ya ce sai an kai farfesa Goronyo? Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da tsarin horar da ƙananan ma'aikatan lafiya su gane ciwon damuwa da gushewar hankali da farfaɗiya, su fara magani, su tura wanda ya fi ƙarfinsu gaba. An gwada shi a Najeriya ya yi aiki. Tun 1954 ma Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya nuna a ƙauyen Aro kusa da Abekuta cewa ana iya jinyar mai taɓin hankali a cikin jama'a, danginsa na kusa da shi, ba sai an jefa shi bayan katanga ba. Ɗan Najeriya ne ya koya wa duniya wannan, shekara saba'in da suka wuce. Muna da malaman asibiti a mazaɓu, muna da ungozomomi, ga Kware a maƙwabtaka da Wurno. Horo na 'yan makonni, da likita mai zagayowa ranar kasuwa, da magani a kanta, shi ke nan fa. In ba a yi wannan ba, katin inshora a hannun talakan Goronyo daidai yake da a ba manomi takardar taki a ce ya je ya zuba a gona.

Za kuma a ce ai Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha tana ɗaukar nauyin jinyar wasu masu taɓin hankali. Tana yi, Allah Ya saka wa masu bayarwa da masu rabawa. Sai dai taimako daban, haƙƙi daban. Taimako yana isa ga wanda aka gani, ko wanda ya san wanda zai kai sunansa. Wanda ke ɗaure a bayan ɗaki a ƙauyen da ko jami'in tsaro ba ya shiga, ba ya cikin lissafin kowa. Kuma abin kunya ne a ce a ƙasar nan ake wannan. Malamanmu sun karantar da mu cewa kare hankali na cikin abubuwa biyar da shari'a ta zo ta tsare, tare da addini da rai da zuriya da dukiya. Addinin da ya ɗauke wa wanda hankalinsa ya gushe alhakin ayyukansa, ya ɗora nauyinsa a kan masu hankali da masu iko. Asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 yana da ɓangaren masu taɓin hankali, da dukiyar waƙafi ake ciyar da su ana yi musu magani. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda kabarinsa ke nan Wurno, yana riƙe da daula yana kuma rubuta littattafai kan magani, domin bai ɗauki lafiyar talakawansa ƙaramin abu ba. Ku da kuke alfahari da wannan gado a kowane jawabi, me kuka ɗauka a cikinsa?

Mu ma jama'a ba mu fita ba. Mu ne ke barin yara suna bin mai ciwo da jifa suna masa waƙa, muna zaune a majalisa muna dariya. Mu ne ke fasa auren yarinya don an ce kakarta ta taɓa zaucewa, shi ya sa kowane gida ke ɓoye nasa har sai abin ya gagara. Matar da hankalinta ya juye bayan haihuwa, ciwon da likita ke shawo kansa, sai a ce kishiya ce ta yi mata sammu, a haɗa gaba tsakanin gidaje, wani lokacin a sake ta da jariri a hannu. Ba na hana kowa addu'a ko ruƙiya, ni ma ina yi. Amma duka da bulala da turara barkono da yunwa ba ruƙiya ba ne, azaba ce. Mun ga abin da aka bankaɗo a gidajen mari na Rigasa da Daura a 2019, mutane ɗaruruwa cikin sarƙa, jikinsu duk tabo. Malamin ƙwarai shi ne wanda zai yi wa majinyaci addu'a ya ce wa iyayensa su wuce da shi asibiti. Limamai su faɗi wannan a kan mumbari, da sunan ciwon, ba da habaici ba.

Amma nauyi mafi girma yana kanku, masu riƙe da alƙalami da baitulmali. Majalisar dokokin jiha ta rubuta ƙarara, cikin dokar da kowa zai iya kai ƙara da ita, cewa inshorar jiha za ta biya jinyar ƙwaƙwalwa daidai da ta jiki: ganin likita, kwanciya, maganin wata-wata, da jinyar shaye-shaye, ba tare da ƙayyade watanni ba. Hukumar inshora ta daina jiran mai taɓin hankali ya zo ya bi layi da lambar ɗan ƙasa a hannu. Ta bi ta hannun masu unguwanni da limamai da ungozomomi, waɗanda suka san kowane gida, ta je har inda yake ta yi masa rajista, ta fara da sansanonin 'yan gudun hijira. Shugabannin ƙananan hukumomi su tabbatar akwai ma'aikaci horarre da magani a babban asibitin Goronyo da na Wurno da na Rabah, daga nan a gangara mazaɓu. Duk shekara a karanta a rediyo mutum nawa aka yi wa rajista, kuɗi nawa aka kashe, mutum nawa aka kwance daga mari.

Kai kuma mai karatu, in kana da majinyaci a gida, je asibitin mazaɓarku ka nemi a sa shi cikin inshorar masu rauni, domin doka ta ambace shi. In an ce babu, ka tambayi sunan wanda ya ce babu, ka kai maganar ga kansilanku da uban ƙasa. Ranar da ɗan takara ya zo ƙofar gidanka da atamfa da taliya, ka kama hannunsa ka zagaya da shi bayan ɗaki ya gani da idonsa, sannan ka tambaye shi abin da ya yi tun 2022.